Sau biyu an hana ni tallafin bincike: in sa sunan namiji a gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke Katsina, shekara huɗu ke nan da kammala digirina na uku. Sau biyu ina neman tallafin bincike a kan ƙarancin jini ga mata masu juna biyu a ƙauyukan da ke tsakanin Katsina da Daura, ban samu ba. Abokin aikina da muka gama karatu tare ya samu tun nemansa na farko. Wani babba a sashenmu ya ce bana in sa sunan namiji a matsayin jagoran bincike, ni in koma ta biyu, wai an fi sakin kuɗi idan aka ga namiji. Da gaske ana nuna wa mata bambanci wajen rabon kuɗin bincike? Kuma in bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ce ba ta jira: kada ki bi wannan shawara. Ina kyautata zaton wanda ya ba ki ita alheri yake nufinki da shi, amma in kin bi, wani za ki gina, ke kuma ki zauna inda kike. Zan zo kan dalilin.

Ta farkon kuwa, eh, akwai bambanci, an auna shi kuma an gani. Sai dai ba ta ƙofar da muke zato yake shigowa ba. Na daɗe ina zama a kwamitocin tantance takardun neman tallafi. Na ba wasu maki, ni ma an ba ni, an kuma sha hana ni. A duk zaman da na yi ban taɓa ganin wanda ya ɗaga takarda ya ce "ta mace ce, a ture ta gefe" ba. Abin yakan faru ne a daidai lokacin da kwamiti ya ɗauke ido daga kan aikin da ake son yi, ya mayar da shi kan mai son yin aikin.

Waɗanda suka fara kafa hujja mai ƙarfi a kan haka wasu masana kimiyyar lafiya ne mata biyu a ƙasar Suwidin, Christine Wennerås da Agnes Wold. Sun nemi hukumar da ke raba kuɗin binciken lafiya a ƙasarsu ta nuna musu makin da aka ba masu neman tallafi, hukumar ta ƙi, sai da kotu ta sa baki. Mutum 114 ne suka nema a zagayen da suka duba, maza 62, mata 52, gurbi kuwa 20 ne. Maza 16 suka samu, mata 4. Da suka baje takardun sai suka ga abu uku ake ba wa maki: muhimmancin binciken, ingancin hanyar da za a bi, da ƙwarewar mai nema. A na ukun nan aka fi rage wa mata. Lissafinsu ya nuna kafin mace ta samu makin ƙwarewa daidai da na namiji, sai ta ninka shi aiki sau biyu da rabi. Sun kuma gano abin da ba zai ba kowa mamaki a nan ba, cewa wanda yake da alaƙa da wani ɗan kwamiti makinsa yana tashi. Sanayya ke nan. Mujallar Nature ta buga sakamakon a 1997. Bayan an yi wannan tonon silili, wasu masana suka bi diddigin rabon shekarar 2004 a ƙasar, suka tarar ragin da ake yi wa mata ya kau, sanayyar ce ta ƙi tafiya. Ashe dai abu ne mai gyaruwa idan aka fito da alƙaluma fili.

Hujjar da ta fi gamsar da ni daga Kanada take. A 2014 hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta raba babban tallafinta gida biyu. A ɗaya, kashi uku cikin huɗu na makin yana kan binciken kansa. A ɗayan, kashi uku cikin huɗu na makin zagayen farko yana kan mutumin: iya shugabancinsa, yawan abin da ya wallafa, girman gudummawarsa. Ƙasa ɗaya, hukuma ɗaya, masana iri ɗaya, tambayar da aka yi wa masu tantancewa ce kawai ta bambanta. Holly Witteman da abokan aikinta suka duba takardun nema 23,918 na tsakanin 2011 da 2016, suka buga a mujallar Lancet a 2019. Inda ake auna binciken, tazarar maza da mata wajen samun tallafin kashi 0.9 ce cikin ɗari. Inda ake auna mutum, ta koma kashi 4. A gasar da dama kusan mutum 16 ne kacal cikin 100 suke tsallakewa, kashi 4 ba ƙaramin gibi ba ne. A shekarar 2019 ɗin hukumar ta sanar da rufe tsarin na biyu.

Na ga irin wannan da idona, a wani zama da ba zan faɗi inda aka yi ba. Lokacin hunturu ne, an rufe tagogi saboda ƙura, takardu jibge a kan teburi, kowa ya gaji yana son a tashi kafin la'asar. Aka zo kan takardar wata malama. Mutum biyun da suka karanta ta duk sun ce tsarin binciken ba shi da makusa. Sai wani dattijo, mutumin kirki wanda nake girmamawa har gobe, ya cire tabarau ya ce, "Na san baiwar Allahn nan, goyo gare ta. Aikin nan kuma sai an kwana a ƙauye. Anya maigidanta zai bari? Kada mu ɗora mata nauyin da zai wahalar da ita." Aka yi ta gyaɗa kai. Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar makin da aka ba mu ba ta da gurbin goyo. Ita ta san da goyon ta rubuta cewa za ta iya. In muna da shakka, a kira ta a tambaye ta." Mun duba takardun maza da yawa a ranar, ba wanda aka tambaya 'ya'yansa nawa, ko wa zai kula da tsohuwarsa idan ya tafi ƙauye. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon ba ƙinta yake yi ba. Tausayinta yake ji, kuma tausayin nan ne ya kusa raba ta da kuɗin da ta cancanta.

Kada ki ɗauka maza kaɗai ke yi. A 2012 an yi wani gwaji a Amurka: aka aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje, takarda iri ɗaya sak, sai dai wasu an rubuta musu sunan John, wasu Jennifer. John ya fi samun makin ƙwarewa, albashin da aka yanka masa ya haura dala 30,000, na Jennifer kuwa kimanin dala 26,500. Malamai mata ma haka suka yi, ba su bambanta da maza ba. Tun da na karanta wannan na sauya yadda nake aiki. Sai na karanta tsarin bincike na rubuta makina tukuna, sannan in buɗe shafin tarihin mai nema, domin ni ma a cikin al'ummar nan na tashi, da abin da ta cusa mini game da kamannin "babban masani".

Adalci kuma ya sa in gaya miki cewa ba kowane bincike ne ya samu bambanci ba. A Holan an ruwaito a 2015 cewa a wani tallafi na matasan masana, maza kashi 17.7 suka yi nasara, mata kashi 14.9. Wasu masana lissafi suka amsa cewa in aka duba fanni-fanni tazarar tana raguwa sosai, saboda mata sun fi nema a fannonin da dama cunkoso ya yi yawa, kamar kimiyyar zamantakewa da ta lafiya. Wani babban nazari na 2023 ya ce a Amurka yanzu damar mace da ta namiji kusan ɗaya ce idan sun nema. Amma a Amurkar dai, da aka duba waɗanda suka karɓi tallafinsu na farko daga hukumar binciken lafiya ta ƙasa tsakanin 2006 da 2017, matsakaicin abin da mata suka samu ya gaza na maza da kusan dala 39,000. Don haka hana ki sau biyu ba ya tabbatar da cewa an zalunce ki. A gasa irin wannan yawancin masu nema, maza da mata, hana su ake yi. Mai yiwuwa takardarki tana da rauni da za a iya gyarawa. Mai yiwuwa kuma lafiyarta ƙalau, tarihin aikinki aka ɗora a sikeli da na wani.

Shi tarihin aikin nan kuwa, a nan gida, tun kafin a kai ga teburin kwamiti ake tauye shi. Ki duba yadda kuɗin ke tafiya. Babbar rijiyar da makarantun gwamnati ke sha ita ce TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu wadda dokar 2011 ta kafa, ana cika ta da haraji daga ribar kamfanoni. Akwai ƙaramin tallafi da ke bi ta hannun kwamitin makarantarku, akwai kuma Asusun Bincike na Ƙasa, wanda aka ware wa naira biliyan 7.5 a 2020 da biliyan 8.5 a 2021, inda ake fara tura taƙaitaccen bayani, wanda ya tsallake a nemi ya kawo cikakken tsari. Malamin Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da na kwalejojin Daura, a babban asusun duk da manyan farfesoshin Ibadan da Zariya suke karawa. A irin wannan fage, a kowace ƙasa, ana duba matsayinki, da yawan maƙalunki, da ko kin taɓa riƙe kuɗin bincike kin sauke lafiya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To wa ya fi samun ruwan cikin? Sanarwar buɗe tallafi tana fita a takarda da intanet, kowa na gani. Amma bayanin da ke da amfani, wato irin binciken da ake so bana, da wanda ya taɓa samu zai iya ba ka tasa takardar ka duba, da wanda ke haɗa tawaga yana neman mutum ɗaya, wannan a majalisa ake yin sa, a gindin dalbejiya bayan an fito sallar la'asar, ko da dare wajen mai shayi. A lokacin ke kina hanyar ɗauko yara daga Islamiyya. Ba wanda ya kore ki, wurin ne ba na zamanki ba. Sannan ki lissafa ayyukan da ake miƙa wa malamai mata a sashe: kula da matsalolin ɗalibai mata, kwamitin walwala, rajista, tattara sakamakon jarrabawa. Ayyuka ne masu cin lokaci da lada, amma ba a ƙirga su ranar da ake ƙirga maƙaloli. Ga shekarun haihuwa da shayarwa, waɗanda suka faɗo daidai shekarun da ake so matashin masani ya fi yawan wallafa. Ga taron ƙara wa juna sani a Legas ko ƙasar waje, da ba kowace mai jego za ta iya zuwa ba. Ga matsalar tsaro a wasu hanyoyin jihar, wadda ta shafi kowa, amma iyali sun fi ɗar-ɗar idan mace ce za ta fita. Ranar tantancewa sai a ajiye takardun mutum biyu, a ce wannan maƙalunsa sun fi yawa, a ba shi, kowa ya tashi da yaƙinin ya yi adalci.

Yanzu ga dalilin da na ce kada ki ba da sunanki. A Holan ɗin nan wasu masana sun bi rayuwar matasan da makinsu ya yi kusan daidai a wani tallafi, wasu suka tsallake layin da ƙyar, wasu suka faɗi da ƙyar. Mutane ne masu ƙwarewa ɗaya, ɗan ƙiris ya raba su. Cikin shekara takwas da suka biyo baya, waɗanda suka tsallake sun tara fiye da ninki biyu na kuɗin binciken da sauran suka samu. Sakamakon ya fito a 2018. Wani ɓangare na dalilin shi ne waɗanda aka hana da yawansu sun daina nema. Tallafin farko shi ke kiran na biyu, kuma sunan jagora ake rubutawa a kansa. In kin sa abokin aikinki a gaba aka samu, ke za ki tsara tambayoyi, ke za ki shiga gidaje, ke za ki yi ta fama da samfurin jini cikin zafin bazara da ɗaukewar wuta. Shi kuma za a rubuta masa cewa ya jagoranci bincike. Bayan shekara uku, in kun sake haɗuwa a gasa, da guminki zai kayar da ke. Ga kuma zancen amana: takardar da za ku sa wa hannu tana cewa wane ne ya tsara aikin kuma zai ɗauki alhakinsa, alhali ba haka ba ne.

Akwai wani abu da nake so ki gani game da aikinki na musamman. A ƙauyukanmu, daga Mashi zuwa Mai'aduwa, namiji baƙo iyakarsa zaure. Matar da ke da cikin wata bakwai, tafin hannunta ya yi fari fat, tana jin jiri in ta miƙe daga bakin murhu, ba za ta gaya wa wani malami abin da take ci da abin da aka hana ta ci ba. Ba za ta gaya masa cewa ta ajiye ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta a wajen awo saboda suna tayar mata da zuciya ba. Ke za ta gaya wa, bayan kin zauna a tabarmarta kin sha ruwan gidan. Shi ya sa kusan duk binciken lafiyar mata da ake yi a yankin nan mata ne ke tattaro bayanansa. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa a nan aikinsu ke tsayawa, su ne masu cike takarda, wasu ne masu yanke abin da za a tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga ya ga 'yan matan da ke jiran a yi musu tiyata, ya san akwai tambayoyi game da rayuwar matanmu da ba za a yi su ba sai mace ce ke riƙe da ragamar binciken. Wannan damar shiga gida ƙarfinki ce, ki rubuta ta ɓaro-ɓaro a takardarki a matsayin dalilin da ya sa ke ce za ki iya aikin.

Wasu za su ce a ɓoye sunaye kawai, magana ta ƙare. Yana taimakawa, amma bai isa ba. An duba takardun da aka tura wa Gidauniyar Gates tsakanin 2008 da 2017, inda masu tantancewa ba sa ganin suna, aka tarar duk da haka makin mata ya yi ƙasa. Da aka bi kalmomin sai aka ga maza sun fi amfani da manyan kalmomi masu faɗi, mata kuma suna tsayawa a kan takamaiman abin da za su yi, masu ba da maki suka fi karkata ga na farkon, ko da yake manyan kalmomin ba su haifar da aiki mafi kyau daga baya ba. Ba ina ce miki ki yi cika-baki ba ne. Amma na karanta takardun ƙannenmu mata da yawa da ke farawa da sunan na'urar da za a auna jini da ita, sai a shafi na huɗu za ka gane cewa maganar rai da mutuwar mai haihuwa ake yi. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kanta ado ce a cikin mutane, amma a shafin farko na neman tallafi dole ki faɗi girman matsalar da bakinki.

Ga 'yan'uwana da ke zama a kwamiti, gyaran ba ya buƙatar kuɗi. A ba wa tsarin bincike maki kafin a buɗe tarihin mai nema. Wanda yake da alaƙa da mai nema ya fita waje har a gama. A cire shekarun haihuwa daga lissafi, kamar yadda Majalisar Bincike ta Turai take ƙara wa uwa wata 18 a kan kowane ɗa wajen ƙirga shekarun da suka wuce bayan digiri na uku. Idan takardu suka yi kunnen doki a bakin layi, a yi ƙuri'ar sa'a, wato a zaro suna mai rabo ka ɗauka, irin ƙuri'ar da hukumar binciken lafiya ta Niyu Zilan ta fara amfani da ita a wani tallafinta a 2013, domin a irin wannan gaɓar ce sanayya da zato suke yanke hukunci. Kuma duk shekara kowace makaranta ta lika a allo: mata nawa suka nema, nawa suka samu, nawa aka ba su, haka ma maza.

Ke kuma, ƙanwata, ki rubuta wa ofishin da ya karɓi takardarki ki nemi bayanin masu tantancewa, cikin ladabi, a rubuce. Ki je wajen abokin aikin naki ki roƙi ya ba ki tasa takardar da ta yi nasara ki karanta, in kuma yana da abin da zai ƙara a aikinki, ki sa shi a tawaga a ƙarƙashin jagorancinki. Ki nemi ƙaramin tallafi ki fara da ƙauye biyu ko uku, ki samu sakamakon farko da za ki nuna. Ƙungiyar RSTMH ta Ingila, mai kula da cututtukan ƙasashe masu zafi, tana ba masu tasowa ƙaramin tallafi, kuma aikinki irin nasu ne. Akwai shirin L'Oréal da UNESCO na matasan mata masana kimiyya a Afirka kudu da Sahara. Ki tuna Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, wadda sai bayan ta yi aure ta haihu ta shiga jami'a, ta kuma karɓi lambar yabon Gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya a 2015.

Kafin a sake buɗe nema, ki ba mutum biyu takardarki su karanta: ɗaya na fanninki wanda ba ya jin nauyinki, ɗaya kuma na wani fanni dabam, ki ce ya karanta shafin farko kawai ya gaya miki abin da ya fahimta. In bai iya faɗin matsalar da amfanin aikin cikin jimla biyu ba, ki sake rubuta shafin. Sannan ki tura karo na uku, da sunanki a gurbin jagora. Allah ya ba da sa'a, ya sa matan ƙauyukan nan su amfana da aikin.